Sawun Ruwan Sama

Ranar da firigon Alhaji Abdussalamu ya mutu, zafin Dogon Dutsi bai ji tausayin kowa ba. Da hantsi ɗansa Luƙman ya buɗe butik, wato shagonsu na ƙanƙara, ya ɗaga murfin firigo don ya sallami matan da suka yi layi da kulolinsu, sai ya tarar ƙanƙara ta koma asalinta, ledoji suna iyo a ruwa mai ɗumi. Ya hau rufi ya duba farantan sola, lafiyarsu ƙalau. Ya bi waya, ko ɓera bai lasa ba. Da ya zagaya ɗakin batura a bayan gida, nan ya ga aika-aikar. Manyan baturan nan da aka sauke bara, waɗanda dillali ya rantse za su ga auren jikoki, sun mace gaba ɗaya kamar sun haɗa baki.

Mu a nan ba ma yarda abu ya lalace don kansa. Sai mun samo masa mai laifi hankalinmu ke kwanciya, kuma kafin azahar unguwa ta samo. Gwaggo Kande ce, tsohuwa 'yar Lugu mai sayar da daddawa, wadda ɗakinta ke tsakar gida ɗaya da ɗakin batura. Alhaji ne da kansa ya ba ta ɗakin shekarun baya, lokacin da mijinta ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Kowa ya san tana da wata 'yar ƙwarya da take zuba wa iskar nan Doguwa nono da ita a gindin bango, kuma samarin masallacin Alhaji, abokan Luƙman, sun daɗe suna harar ƙwaryar nan.

Hujja biyu aka kafa mata. Ta farko, bangon da take zuba nono a gindinsa, bangon ɗakin batura ne. Ta biyu ita ce duro. Baturan irin masu shan ruwa ne, kuma dillali ya ja wa Luƙman kunne cewa in bai samu ruwan batiri na kanti ba, to tataccen ruwan sama kaɗai zai riƙa ƙara musu. Saboda haka tun daminar bara ya cika wani shuɗin duron roba, ya rufe, ya ajiye ƙarƙashin rumfa, ya hana kowa taɓawa, har mahaifinsa. Duk rani yana ɗiba, amma duron nan ko sauka bai yi ba. Da can Luƙman yana ba da labarin a matsayin albarka. Yau da batura suka mutu, sai albarka ta koma aikin iskoki, kuma a bakin mutanen da jiya-jiya suke wa'azin cewa iskoki ba su iya komai ba.

Alhaji ya ce ta tattara komatsanta ta bar masa gida kafin a sauko daga Juma'a. Sai dai Alhaji mutum ne mai tsoron haƙƙi, irin wanda in ya tsinci allura sai ya yi cigiya a masallaci. Zuciyarsa ba ta ba shi ya kori tsohuwa a kan zato ba, don haka ya aika Matankari a kira masa Arzika mai bin sawu, ya zo ya tabbatar da hukuncin da an riga an yanke.

* * *

A zamaninsa Arzika ya sha bin sawun shanu daga Matankari har bakin iyaka, ya dawo yana kora su tare da ɓarawon. Yanzu ɓarayi sun waye, a mota suke loda dabba, kwalta kuwa ba ta riƙe sawu. Abin da ya rage masa shi ne tsohuwar sanda, da ido mai kyau, da son shayi wanda ya wuce misali. Ya taso da murna yana ganin sana'a ta tuna da shi. Yana kan hanya hadari ya haɗu, ruwan farko na bana ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ko da ya shiga gidan Alhaji, tsakar gida ta yi sumul kamar sabon daɓe. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa bin ɓarawon da hadari ke yi wa shara ba.

Alhaji ya zaunar da shi a zaure, ya dafa masa shayi da hannunsa. Shayin Alhaji kuwa tun kakar bara ya yi suna a unguwa, har mutanen da ba su da wata magana da shi sukan zo gaisuwa sau biyu a wuni. Garau yake, ana hango gindin kofi, kumfarsa a tsaye. Arzika ya kurɓa ya lumshe ido, ya tambayi inda ake sayo ganyen. Alhaji ya ce inda kowa ke saye, sirrin a hannu yake. Yana faɗa yana tura butar shayin bayansa.

Da Arzika ya kawo zancen duro, Alhaji ya yi tari, ya gyara hular da ba ta karkace ba.

"Bar batun duro, Arzika. Duro ba ya kashe batiri. Wagga mata za ka bincika, da abin da take zubawa ga bango."

Arzika ya ce to. Amma a tsawon aikinsa bai saba ganin wanda ya kira mai bin sawu yana nuna masa inda ba zai duba ba, sai ya ajiye wannan a gefen zuciya ya nufi rumfa.

Ƙarƙashin rumfar ne kaɗai ruwa bai taɓa ba. Luƙman ya tabbatar masa duron yana nan yadda yake, bai ƙara masa ruwan yau ba, domin ruwan farko wankin rufi ne, kashin tantabara da ƙurar shekara yake saukowa da su. Arzika ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Sawun mutane ya cakuɗe da na kaji, ba abin karantawa. Amma dab da duron akwai zoben gindin bokiti, ba ɗaya ba, ba goma ba, wani kan wani, kowanne ya nutse cikin ƙasa. Ya tambayi Luƙman da me yake ɗiba. Ya ce da moɗar roba, bai taɓa kawo bokiti nan ba.

Arzika ya daɗe a tsugune. Bokiti wofi ba ya nutsewa haka, cike yake. Da ɗiba ake yi da shi, da duro ya sauka. Tunda bai sauka ba, kawowa ake yi. Ya miƙe da ƙyar, ya cika gorarsa da ruwan duron, ya gaya wa Luƙman cewa ya ga ɓarayi iri-iri, amma yau ne ya fara cin karo da wanda ke zuwa da tsaraba.

* * *

Gwaggo Kande ya tarar a ƙofar ɗakinta tana ninke zane. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba, wannan kuwa ya fi kukan ciwo. Ta ba shi tabarma, suka gaisa irin ta tsofaffin Arewa, ya tambayi mutanen Lugu, ta tambayi na Matankari, rabi sun mutu.

Ya tambaye ta abin da take zubawa a gindin bango. Ta ce nono ne, kuma in yana son shaida ya tambayi tururuwa, su ke shanyewa. Ta ƙara da cewa ita dai tun tana yarinya take hidimar Doguwa, ta san abin da take so da abin da ba ta so, ba ta taɓa jin ta nemi wutar sola ba. Ya tambaye ta ko tana da bokiti. Ta nuna masa tulu da ƙwarya, ta ce ƙugunta ya daɗe da sallamar bokiti.

"To, Gwaggo, kin taɓa ganin wani wurin duron ga?"

Ta ci gaba da ninke zanen, ta sake warware shi, ta sake ninkewa.

"Idona ya tsuhwa, Arzika. Abin da bai shahe ni ba, ba ya gani nai."

Ya tambaye ta ina za ta in Juma'a ta yi. Ta ce Lugu, in akwai wanda ya tuna da ita a can. In babu, ƙasar Allah da faɗi. Arzika ya fito ransa a jagule. Tausayinta ya kama shi, haushinta ma ya kama shi, domin ya lura tsohuwar nan ba ta ce masa a'a ba.

* * *

Duk wanda ya san aiki yakan tambayi wa ya ci riba. Mai ƙanƙara na biyu a unguwa shi ne Mustafa, wanda firigonsa ke aiki da wani tsohon injin gazuwal, wato man dizal, mai hayaƙi kamar ana toya tukwane. Arzika ya same shi ya jiƙe sharkaf da gumi, mata sun kewaye shi, wata ta riƙe masa riga tana rantsuwa ita ta fara zuwa. Da ya ji abin da ake zarginsa da shi, sai ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce wallahi shi ya fi Luƙman son baturan nan su tashi, tun jiya bai zauna ba. Sannan ya roƙi Arzika ya tuna ƙofar bayan gidan Alhaji, wadda ta nan kaɗai mai ɓarna zai shiga ba a gan shi ba, ya kuma dube shi da kyau.

Arzika ya tuna ƙofar, wadda shi kansa sai da ya karkata ya shiga. Ya dubi Mustafa daga wannan gefe zuwa wancan, tafiyar ta ɗauki lokaci. Ya wanke shi nan take.

Don murna Mustafa ya sa aka dafa shayi. Arzika ya kurɓa, ya haɗiye don kunya. Ganyen iri ɗaya ne da na Alhaji, ya ga kwalin da idonsa, amma wannan ya yi duhu, da wani maiƙo-maiƙo a samansa. Ya ɗaga murfin butar ya leƙa, cikinta ya yi fari fat, ɓawo ya kama kamar an shafa farar ƙasa. Mustafa ya ce kada ya ga laifin matarsa, duk butar da ke Dogon Dutsi haka take, ruwan rijiyoyinmu ne.

Sannan ya rage murya ya ba da nasa zargin. Akwai wata baƙuwa daga Yamai, Madam Afra'u, mai koyar da kimiyya a lise, makarantar sakandare. Mace ce da ke hawa rufin mutane tana ajiye kwalabe, har rufin Alhaji ta taɓa hawa, kuma an ce a ɗakinta akwai ruwan da ke cin ƙarfe. In ana neman mai zuba wa duro wani abu, ai ba sai an je Lugu ba.

* * *

Madam Afra'u ta tarbi Arzika da murnar da ta ba shi tsoro. Mai laifi ba ya murna haka. Ashe tun zuwanta garin nan ba wanda ya taɓa tambayarta abin da take yi da kwalaben, sai dai a bi ta da kallo. Yau ga mutum har gida, da kunnuwa biyu. Ta zaunar da shi, ba shayi ba ruwa, ta fara.

Ta ce ruwan sama, ko na tsakiyar daji ne, yana da ɗan tsami kaɗan da harshe ba ya ji, domin a hanyarsa ta saukowa yana haɗiyar irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. A manyan birane kuwa, inda hayaƙin motoci da na masana'antu ya tokare sama, ruwan yakan sha hayaƙin ya ƙara tsami, har ya riƙa cin kwanon rufi, yana ƙona ganye, yana kashe kifi a tafki. Wannan take farauta. Ta sa kwalba a rufin Alhaji ne don iska na kai hayaƙin injin Mustafa can. Amma duk daminar bara ba ta kama komai ba, domin ƙurar da ke tasowa gaban hadari tana kashe tsamin tun a sama. Ta faɗi wannan da takaici, kamar garin ya yi mata rowa.

Arzika ya ce shi dai ya san ruwa ba ya tsami banza, bai san har makaranta ake zuwa a kansa ba. Ya miƙa mata gorarsa, ya ce ta duba masa ko wannan ya yi tsamin da zai kashe batiri.

Kayan awonta suna makaranta, don haka ta shiga madafa ta fito da jiƙon soɓo da kofuna uku na gilashi. A na farko ta zuba ruwan saman da ta tara ɗazu bayan rufi ya wanku, a na biyu ruwan rijiyar gidan, a na uku ruwan gorar Arzika. Ta ɗiga wa kowanne soɓo daidai wa daida. Na farko ya tsaya ja wur. Na biyu ya dushe, ya koma wani shuɗi-shuɗi mai duhu. Na uku ya yi wa na biyu kama kamar tagwaye.

Ta ɗaga kofin ta duba a hasken taga, ta sake dubawa.

"Bon. Baba, wannan ba asid ba ne, ba tsami cikinsa. Wannan ruwan bai ma taɓa ganin sama ba. Na rijiya ne."

Ta bayyana masa cewa ruwan rijiya ya kwana cikin ƙasa, ya narkar da dutse da gishiri da kanwa-kanwa ya ɗauko. Mutum ya sha lafiya lau, amma in ana ɗura wa batiri wata da watanni, tarkacen nan ne ke taruwa a cikinsa har ya shaƙe. Shi ne kuma farin ɓawon da yake gani a gindin tukwane.

Arzika ya tambaya, kamar ba da wata manufa ba, yaya cikin buta yake zama in da ruwan sama ake dafa shayi. Ta ce ba ya barin komai. In ma an daɗe ana yi, ɗan tsamin nan nasa yakan lallaɓa ya saki tsohon ɓawon da ya tarar. Ta so ta ci gaba, domin akwai sauran bayani mai yawa, amma tsohon ya riga ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi dariya shi kaɗai, daga baya kuma dariyar ta ɗauke.

* * *

Ranar Alhamis bayan la'asar Arzika ya tara su a tsakar gidan Alhaji. Ya aika wa kowa cewa ya zo da butar shayinsa, wai al'adar masu bin sawu ce. Babu wata al'ada irin wannan, amma ba wanda ya taɓa bin sawu balle ya musa. Mustafa ya zo ta ƙofar gaba. Madam Afra'u ta zo da butarta da kofunan soɓo ko za a nema. Luƙman da abokansa suka jeru a kan benci, fuska a ɗaure. Gwaggo Kande ta zauna a ƙofar ɗakinta, ƙunshin kayanta a gefe, an riga an ɗaure bakinsa. Maƙwabta suka cika zaure, wasu suka hau katanga.

Alhaji bai zo da buta ba, ya ce shi mai ƙara ne. Arzika ya ce haka ne, amma jama'a sun taru a gidansa, kuma abin kunya ne a ce an zo gidan Alhaji Abdussalamu an sha shayin Mustafa. Aka yi dariya, har da Mustafa. Yabo ya ratsa Alhaji, ya tashi da kansa ya ɗauko butar, ya sa a hura gawayi.

Arzika ya fara da Madam. Ya sa ta maimaita aikin soɓo a gaban kowa, ya roƙe ta don Allah ta taƙaita. Jama'a suka ga ruwan duro ya bi na rijiya. Ya nuna musu zoben bokiti ƙarƙashin rumfa, ya ce ga iskar da ke cika duro, da bokiti take zuwa, kuma tana nishi in ta sauke. Wani daga kan katanga ya ce to wa ke sace ruwan saman. Arzika ya ce hadari ya share masa sawun mutum, amma ruwa ma yana da sawu, kuma nasa ba a ƙasa yake barinsa ba.

Ya jera butocin a kan tabarma, ya kira Luƙman ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ta Mustafa, fari fat. Ta Madam, fari, ta ce ruwan samanta na awo ne, ba na sha ba. Ta abokan Luƙman, wadda suke dafa shayi da ita a fadarsu ta hira, ɓawonta har ya fara ɓarewa. 'Yar tukunyar Gwaggo, fari. Saura ɗaya, tana hannun mai ita, ya rungume ta a ƙirji.

"Alhaji, a ba yaro shi duba," in ji Arzika.

An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Alhaji ya ce wannan wulaƙanci ne, ya ce shi ya kira Arzika, ya ce gawayi zai mutu. Arzika dai ya miƙa hannu yana jira. A ƙarshe ya miƙa. Luƙman ya ɗaga murfi ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya karkata butar jama'a su gani. Cikinta na ƙyalli kamar yau aka sayo ta.

"Baba," in ji Luƙman, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya miƙe, ya gyara riga, ya fara kare kansa da ƙarfin mutumin da ya tabbata bai ci haƙƙin kowa ba. Ya ce ranar farko ruwan randa ne ya ƙare, ya ɗebi buta guda a duron, ya ji shayin da bai taɓa ji ba. Daga nan kullum in ya dawo sallar asuba yakan ɗebi buta guda. Amma shi ba ɓarawo ba ne, ko kayan ɗansa ba ya ci da zalunci. Duk lokacin da ya ga duro ya sauka, da hannunsa yake jawo ruwa a rijiya, bokiti cike, ya mayar, har da gyara a kai. Daga baya shayin ya ɗan fara dushewa, ko da yake baƙi ba su lura ba, sai ya riƙa ɗiba ta sama-sama yana ƙara ganye, yana cewa sanyi ne ya taɓa masa baki.

"Ruwa na ɗauka, ruwa na maida, har da ƙari. Ni na san bambancinsu don ina da halshe. Shi batiri halshe gare shi?"

Madam Afra'u ta buɗe baki za ta amsa, Arzika ya ɗaga mata sanda. Ya ce wa Alhaji, cikin ladabi, da sata kawai ya yi, da duro ya sauka, da Luƙman ya gani ya sayo na kanti, da yanzu ana shan ruwan sanyi. Biyan da ya riƙa yi ne ya kashe batura.

Katanga ta kusa faɗuwa don dariya. Mustafa ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Abokan Luƙman suka shiga duban takalmansu, kowa ya ga abin gyara a nasa. Ni kaina na yi dariya har cikina ya ƙulle, ba zan ɓoye ba. Sai da dariyar ta lafa aka tuna da wadda aka taru dominta.

Gwaggo Kande ba ta yi dariya ba. Alhaji ya juya gare ta, ya ga yadda take kallonsa, nan take ya gane. Ƙofarta tana fuskantar rumfar, tsofaffi kuwa ba sa barcin safe.

"Kande, kin gan ni?"

"Kullum."

"Mi ya hana ki hwaɗi? Ana shirin hidda ki titi."

Ta ce ita ma ba ta san ruwan rijiya na kashe batiri ba, ta ɗauka abin daga Allah ne. Amma zancen duron da ba ya ƙarewa, wanda aka ɗora wa iskokinta, wannan kam su biyu suka san gaskiyarsa.

"Kai ka ba ni inuwa ranar da ba ni da ita, Alhaji. Ba ni tona ka gaban ɗanka don ruwan shayi. Na dai zamna ina jira, na aza kai za ka hwaɗi."

Alhaji, mutumin da ke cigiyar allura, ya tsaya da butarsa mai ƙyalli a hannu, kunya ta rufe shi har wuya. Ya auna bokiti da buta don kada a bi shi ɗigon ruwa ranar lahira, ga shi ya yi shiru kwana da kwanaki ana ɗora wa tsohuwa abin da ya san nasa ne. Ya ajiye butar a ƙasa. Luƙman ya yunƙura zai ɗauki ƙunshin kayan, uban ya dakatar da shi da hannu. Ya sunkuya da kansa, ya tattara ƙarfi irin na mai ɗaukar bokiti, ya ɗaga, har ya yi baya kamar zai faɗi, domin ƙunshin ba shi da nauyin da ya zata. Ya tsaya jim yana riƙe da shi, sannan ya ratsa tsakar gida ya shiga da shi ɗakin.

Arzika bai bi shi da kallo ba, ƙasa yake duba, don sabo. Tsakar gidan da ɗan danshinta, ga sawun Alhaji sarai, na farko mai kyau da ya gani tun zuwansa garin. Ya karanta shi kamar yadda ya saba, ya ga mutum ne ɗauke da duk abin da wata ta mallaka a duniya, amma sawun ko nutsewa bai yi ba.